Malamin da Ya Zauna a Bayan Aji

Jikata tana aji biyar a wata makarantar kuɗi ta wajen unguwar Tsinga lokacin da aka kawo musu sabon malami, saurayi ɗan kudu. Ni tela ne. Bokon da na yi a Garwa bai wuce aji huɗu ba, kuma a can malami gaban allo yake tsayawa da bulala, mu muna maimaita abin da ya faɗa.

Wata rana ta manta abincinta, na kai mata. Tun daga ƙofa nake jin hayaniya kamar kasuwar Mokolo. Na leƙa ta taga. An jujjuya tebura, yara suna fuskantar juna, kowa na magana. An haska hoton zuciyar mutum a bango da majigi, jikata na tsaye tana bayani da Faransanci. Malamin kuwa yana can baya a kan bencin yara, ya harɗe hannuwa.

Ban tambayi kowa komai ba. Na jira ranar taron iyaye, na sa babbar riga.

Darakta, shugaban makarantar, na gama jawabi na miƙe.

"Malam darakta, wa kuka ɗauka aikin koyarwa, wannan yaron ko jikata?"

Malamin ya tashi. "Papa, abin da yaro ya bayyana da bakinsa ba ya saurin mantawa. Ku zo ku zauna a aji sau ɗaya, ku gani."

"Ni ma in zauna? Zaman da kake yi bai isa ba?"

Aka yi dariya, dariyar ta ƙara mini ƙarfi. Na ce in aka dawo hutu yana nan, mu mutanen unguwar Briqueterie za mu kwashe 'ya'yanmu.

Ba wanda ya aiko ni in ce "mu". Amma rabin ɗakin 'yan unguwarmu ne. Darakta ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Haka ne?"

Maƙwabcina mai kilishi ya buɗe baki, ya kalle ni, sai ya gyara hularsa. Ɗana, uban yarinyar, yana gefena ya sunkuyar da kai. A wurinmu ba a ƙaryata mai furfura a gaban baƙi. Darakta bai san wannan ba, ya ɗauka shirun amincewa ne. Malamin ya daɗe a tsaye yana jiran wani ya ce wani abu, sannan ya zauna.

A hanya ɗana ya ce, "Baba, da an bar shi ya ƙarasa shekarar."

"Me ya hana ka faɗa a can?"

"A gaban mutane, Baba?"

Daga baya iyayen yaran suka riƙa zuwa shagona ɗai-ɗai, a gaisa, a yi zancen ɗinki, sai a ƙarshe mutum ya rage murya. Mai kilishi ya ce ɗansa da ake ja zuwa makaranta da kuka, bana da kansa yake tashi. Wani ya ce 'yarsa ce yanzu take karanta masa takardar asibiti. Ina taka keke ina ji, ba na ɗaga kai.

Sai da aka dawo daga hutu na iya taka ƙafa zuwa ofishin darakta. Majigin yana kan kabad, an rufe shi da leda. An riga an sallami malamin. Na ce a dawo da yaron, ni na yi gaggawa.

"Alhaji, maganarku na bi. Ya sami wata makaranta a unguwar Elig-Edzoa."

Na roƙi lambarsa. Ya ce sai ya tambaye shi tukuna. Na koma bayan mako guda, ya ce malamin ya gaishe ni, amma ya ce a bar zancen.