Yaya Dije Tana Jin Takunsu a Bakin Ƙofa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Dije. Ni ba mai rubutu a jarida ba ce. Da ba don saƙon da aka aiko mini watan jiya ba, da bana ma a ɗaki zan yi mata addu'a in yi shiru kamar yadda na saba. Mutumin da ya yi sanadin kwanciyarta ta ƙarshe ne ya aiko 'yarsa, wai yana neman yafiya. Kafin in faɗi amsar da na ba shi, sai kun san ko wace ce ita, da abin da aka yi mata.

Ba ciki ɗaya muka fito ba. A garin Laurel, nan Amurka, muka haɗu, a wani gidan kula da tsofaffi inda muke yi musu wanka da canjin zanen gado. Ni aikatau aka kawo ni ƙasar nan, na gudu daga gidan da aka kawo ni da kayan jikina kawai. Ita mijinta ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika. Ta girme ni, na kira ta Yaya, ta amsa. Iyakar yadda muka zama 'yan'uwa ke nan.

A wurin wannan aikin muka san akwai masu kai wa tsofaffi abinci har gida kyauta. Turawa sun daɗe suna yi. An ce tun zamanin babban yaƙin duniya wasu mata a Ingila suka fara, suna kai wa waɗanda bam ya rushe wa gida. Daga baya abin ya ƙetaro nan, majami'u da 'yan sa kai suka ɗauka. Aiki ne mai kyau, ban da abin suka a kansa. Sai dai tsohon da ya tsufa a kan tuwo ba zai iya da damammen dankali da dafaffen ganye marar yaji ba, ga shi bai san wanda ya yanka naman ba. Yaya Dije ta ga wani dattijo Bakatsine a benensu yana ba kyanwar maƙwabta nasa rabon. Ranar hutunta ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miyar kuka, ta kai masa. Ya ci yana share hawaye da hannun riga. Daga nan namu ya fara.

Lokacin ne 'yan bokonmu suka shiga ɗauko iyayensu daga gida. Likitoci, injiniyoyi, malaman jami'a. A kawo tsohuwa a ajiye ta a makeken gida a Springfield ko Manassas. Miji ya fita da sassafe, mata ta bi bayansa, yara su tafi makaranta, in sun dawo ma da Turanci suke amsa mata. Firij cike da abinci, tsohuwa tana tsoron taɓa murhun gas. Ta wuni da ruwan shayi. Ba wanda ya yi niyyar mugunta, amma yunwa ba ta tambayar niyya.

Ni ce mai mota, ita ce mai tukunya. Sannu a hankali wasu mata suka shigo, wata ta kawo garin kuka, wata daddawar da aka taho mata da ita daga gida, wata ta ba da yammacin Asabar ɗinta. Doka ɗaya Yaya Dije ta kafa mana. Ba a miƙa abinci a juya. Sai ka yi sallama, ka shiga, ka zauna, tsoho ya wanke hannu ya kai loma a gabanka. Takan ce zumunci a ƙafa yake, amma ƙafar sai ta tsallake dokin ƙofa.

Wanda ya shiga gida kuwa sai ya ga abin da ke ciki. Mun ga maganin da ba a sha ba. Mun ga tsohuwa tana ɓoye kumburarriyar ƙafa cikin zane don kada ta ɗora wa ɗanta wahala. Mun ga dattijon da aka mayar ɗakin ƙasa saboda tarinsa yana damun baƙi. Yaya Dije ba ta iya gani ta haɗiye ba. Laifinta ke nan, in laifi ne.

Akwai Alhaji Sabo, injiniya, mazaunin Springfield a lokacin. Mun sha tarar da mahaifiyarsa a zaune a kujerar da aka bar ta tun safe, ko labule ba ta ɗaga ba. Yaya Dije ta yi masa magana a keɓe, ya ce zai duba. Bai duba ba. A wajen wani suna, cikin mutane, ta tare shi.

"Alhaji, uwa ka kawo ko kujera ka saya wa falo?"

Mata suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi yaƙe ya ce, "Hajiya Dije ba kya gajiya da wasa." Ni da na kalli fuskarsa na san ba a gama ba.

Bai zo da faɗa ba, da yabo ya zo. Ya tara manya ya ce aikin Hajiya ya girma, ya fi ƙarfin mata masu tukunya ɗaya, a kafa ƙungiya. Aka kafa, aka naɗa shi shugaba. Aka kama hayar kicin, aka samo mota, ɗalibai suka shigo suna rabo. Ba zan yi masa ƙarya ba, tsofaffin da ake kai wa sun ƙaru. Sai kuma ya fito da tasa dokar. Ba shiga gida, ba ƙwanƙwasa ƙofa. A ɗaure abinci a leda, a ajiye a bakin ƙofa, a wuce. Ya ce don rufin asiri ne, kada ya zaga gari cewa iyayen wane sadaka suke ci, kada a riƙa fito da maganar cikin gidajen mutane. Duk mai tsoho a gida ya gyaɗa kai.

Yaya Dije ta miƙe a taron. "Asirin wa za a rufa? Na tsohon ko na ɗansa?"

"Hajiya, nan Amurka ce, ba Fagge ba," in ji shi. "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Aka gode mata, aka ba ta turmin atamfa, aka ce ta huta. Muka ci gaba da namu ni da ita, gida kaɗan, har gwiwoyinta suka ƙi hawa bene. Ciwon suga ya zo ya ƙara. Wadda ta fara kai wa ta koma cikin waɗanda ake kai wa. Kullum in na tashi daga aiki sai na biya ta wurinta, don haka dokarsu ba ta dame ni a kanta ba.

Sai ƙanena ya rasu a gida, tafiya ta kama ni dole. Na je har gidan Alhaji Sabo. Ni da ban durƙusa wa kowa ba tun da na gudu daga aikatau, na durƙusa masa. Na ce, "Alhaji, ga makullin ɗakin Yaya. Duk yaron da ya kai abinci ya buɗe ya leƙa ta, don Allah." Ya karɓa ya jefa a aljihu. "Ke Asabe, ki tafi abinki, Allah ya ba ku haƙuri. Kar ki damu." Bai ba kowa makullin ba. Daga baya ya ce in aka karya doka saboda mutum ɗaya, gobe kowa zai nemi a karya masa.

Ina can gida, Yaya Dije ta zame a banɗaki, ƙashin kwankwasonta ya karye. Wayarta tana kan gado. Yaran suka riƙa zuwa kamar yadda aka koya musu, su ajiye su wuce. Ban riƙe su a zuciya ba, abin da aka ce su yi suka yi. Mai sharar benen ne ya ga ledoji sun taru, miya ta yi tsami har warin ya cika hanya. Shi ya kira aka fasa ƙofa. Mutumin ko addininmu ba ya yi, ko sunanta bai iya faɗa daidai ba.

Na dawo na same ta a asibiti, ta ƙanƙance kamar ba ita ba. Ta kama hannuna.

"Asabe, ina jin takunsu. Ina jin ƙarar ledar. Har ƙanshin daddawa yana shigo mini ta ƙasan ƙofa. In kira, murya ta ƙi fita."

Na tambaye ta abin da za ta ce a kan Alhaji Sabo. Ta juya fuskarta bango. Ba ta ce Allah ya isa ba. Ba ta kuma ce ta yafe ba. Ba ta fito daga asibitin da rai ba. Ranar jana'iza Alhaji Sabo ne a sahun gaba, aka ce mini har ya kira ta uwar marasa galihu. Dokar kuwa ba a taɓa ta ba.

Da annobar korona ta zo, kowa ya koma ajiyewa a bakin ƙofa, Turawa da mu. Wannan dole ce, na yarda. Alhaji Sabo ya riƙa cewa kun gani, mun riga duniya hange. Annoba ta wuce. Masu kai abincin Turawa da nake haɗuwa da su a benaye sun koma ƙwanƙwasawa, suna tsayawa su ga fuskar tsoho kafin su tafi. Namu suna nan a inda ya bar su. Ci gaban da aka samu shi ne yanzu yaro yana ɗaukar hoton ledar da waya, ya tura wa ɗan tsohon a ofis, shi kuma hankalinsa ya kwanta. Ina tambayar kaina abin da Yaya Dije za ta ce da ta ga wannan. Na san ta. Cewa za ta yi, to ledar ta iso lafiya, uwar taka fa?

Alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi. Bara ɓarin jikin Alhaji Sabo ya shanye. Matarsa ta riga shi tafiya lahira. Yana gidan ɗansa a Manassas, ɗan da matarsa suna fita tun safe. 'Yarsa Hafsat, wadda take Baltimore, ta roƙi ƙungiyar a riƙa shiga ana duba shi. Waɗanda ya horar da kansa suka ce mata su ba sa shiga gidan mutane, doka ce tun ta shugaban farko. Ita ce ta zo wurina, da karyayyar Hausarta ta haihuwar nan. "Anti, Baba yana kuka, yana kiran sunanki. Ki zo, don Allah." Yarinyar ba ta yi mini komai ba. Na karɓi makullin da ta miƙo.

Na tarar da ledar ranar a bakin ƙofa, ta yi sanyi. Na ɗauka na shiga. Yana kan keken guragu a falo, hannun dama a kwance a cinya, baki a karkace. Tsakaninsa da ƙofar ba nisa, amma ya fi ƙarfinsa.

"Hajiya Asabe," ya ce da ƙyar. A da Asabe ce kawai.

Na ɗumama tuwon, na zauna, na gutsuro loma.

"Ina jin su in sun zo," ya ce. "Ina jin suna ajiyewa."

"Na sani. Ita ma ta ji."

Hawaye ya zubo masa. "Ki yafe mini."

"Buɗe baki, Alhaji, miyar za ta huce."

Ya ci. Da ya ƙoshi na goge masa baki, ya sake roƙo. Na ce, "Ba ni ka bari a ƙasan banɗaki ba. Wadda ka bari ka san inda take, kai ne a sahun gaba."

"To ki roƙa mini ita."

"Ka bari in ka je ka roƙa da kanka. Hanyar ɗaya ce, ba ka ɓata."

Wani malami ya kira ni daga baya ya yi mini nasiha, ya ce yafiya ta fi. Na san ta fi. Shi ya yi karatu, ni ban yi ba. Amma ko jahili ya san ba a kyauta da kayan wani. Haƙƙin Yaya Dije ne, ta tafi da shi a hannunta a dunƙule, ban ga wanda ya wakilta ni in buɗe ba. Nawa kuwa, na durƙuson da na yi masa, ina riƙe da abina.

Me ya rage na Yaya Dije bayan shekara bakwai? Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba. Sunanta ba ya jikin motar ƙungiya, yaran da ke rabo yanzu ba su taɓa jin sa ba. Abin da ya rage shi ne mu 'yan tsirarun mata da muka tsufa a kan koyarwarta, waɗanda har yau ba ma iya ajiye abinci mu juya. Ko gidan maƙiyi ne sai mun shiga. Ta saka mana wannan a jini, ba ya fita.

Shi ya sa duk ranar hutuna nake kama hanyar Manassas. Ina dafa masa da hannuna, in rage gishiri kamar yadda likita ya ce, in ba shi magani a kan lokaci, in gyara masa matashi. Mutane suna cewa Asabe ta yi halin girma. Su daina. Ba na so ya mutu da wuri, shi ke nan. Sauran ranakun mako ba na zuwa, yaran ƙungiya ne ke zuwa, shi kuma yana nan a falo yana saurare.

Allah ya jiƙan Yaya Dije, ya sanyaya makwancinta. Alhaji Sabo kuwa, Allah ya ja kwanansa, ya bar masa hankalinsa da kunnuwansa garau. In ba wanda zai taya ni cewa amin, ni kaɗai na isa.