Tsohon da ba ya bin hanya ɗaya sau biyu

Duk tuƙin da na yi a Riyad, na manta yawanci, amma ban da ranar da na miƙe hanya da Baba.

Baba mahaifin kafil ɗina ne, wato maigidana, wani likita ɗan ƙasarmu da iƙamata, takardar izinin zamana, ke hannunsa. Shi Baba masanin tattalin arziki ne, ya koyar a jami'a har ƙodarsa ta gaza. Aikina in kai shi wankin ƙoda daga unguwar Suwaidi zuwa asibiti a unguwar Malaz. Sai dai tsohon nan ba ya yarda a bi hanyar jiya. Yau ta unguwar Shifa, gobe ta wani lungu, ga cunkoso, ga rana. Wallahi na gaji. Kullum a makare muke isa, kullum ni ake wa faɗa.

Ran nan likita ya ce, "In kuka sake makara, ka haɗa kayanka." Ni da nake ciyar da gida guda a Kano, ina zan sa kaina? Washegari na miƙe ta hanyar jiya.

"Ɗana, juya."

"Baba, yau kam sai haƙuri."

Na dube shi ta madubi. Can ya ce, a lokacin yaƙin basasar ƙasarmu soja sun ɗauke shi aikin leƙen asiri, bai taɓa riƙe bindiga ba. Kasuwanni yake nazari. Da ya ga gishiri yana ɓacewa a wani gari duk jajibirin kasuwa, ya gano hanyar da ake ratsawa da shi zuwa ɓangaren abokan gaba, ya kai rahoto. Aka tura jirgin yaƙi ya jefa bam a hanyar.

"Mata ne, ɗana, da kaya a ka. Laifinsu kawai kullum hanya ɗaya suke bi."

Na taka burki. Na juya, muka makara, na sha zagi, Allah ya sa ba a kore ni ba. Daga ranar nake fito da shi da wuri, muna ta zagaye gari kamar masu neman ɓatacciyar akuya, har ya rasu. Ranar jana'izarsa kaɗai na kai shi wuri kai tsaye, bai ce in juya ba.

Tun daga nan, in na ga tsoho da wata ɗabi'a mai gajiyarwa, ba na saurin cewa rigima ce. Wani kayan shekara da shekaru yake ɗauke da shi, bai sami inda zai sauke ba.