Alhaji Sale Mai Awo da Mutum-mutumin Maƙwabci

Ku da kuka san mijin yayata, marigayi Alhaji Sale, ba sai na tuna muku da tef ɗin awon nan mai ruwan ɗorawa ba. A aljihun dama yake zama, carbi a na hagu, kuma in za a faɗi gaskiya tef ɗin ya fi carbin shan aiki. Injiniya ne a wani ofishin gwamnati a Washington, ya yi shekara ashirin da wani abu yana auna gine-gine, ya yi ritaya amma hannunsa bai samu labari ba. Shi ne ya auna shimfiɗar masallacinmu na Lanham ya ce sahu na uku ya karkace da inci biyu. Ranar da na sayi mota na kai masa ya sa albarka, sai da ya fara auna but ɗinta. In ka yi masa musu ba ya ɗaga murya, tef zai zaro ya ce, "Mu tambayi awo."

Sau ɗaya tak na san ya yi abu ba awo, kuma a gabana aka yi, don a lokacin ina aikin jinya a asibitin da ke kusa da gidansu a Largo, abincin ranata a tukunyar Yaya yake.

Maƙwabcinsu wani dattijo ne, Mista Kalani, mutumin tsibirin Hawaii, tsohon ma'aikacin gidan waya, matarsa ta rasu yana zaune shi kaɗai. A bakin ƙofarsa akwai wani mutum-mutumi na icce, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, baki a wangale, haƙora a waje, gwiwoyi a lanƙwashe kamar mai shirin kokawa. Yaya ba ta wuce shi sai ta yi a'uziyya. Shekarar da dusar ƙanƙara ta binne motoci, Alhaji ya share ƙofar gidansa, ya share ta Kalani don zumunci, sannan ya shiga mota ya yi ribas ya hau wani tulin ƙanƙara. Ashe mutum-mutumin yana cikin tulin. Icen ya daɗe yana shan ruwa, don haka ba karyewa ya yi ba, marmashewa ya yi kamar ƙuli-ƙuli.

Kalani bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Tsugunnawa ya yi yana tsintar guntaye, ya ce mahaifinsa ne ya sassaƙa shi irin na kakanninsu, shi kaɗai ya rage masa na aikin hannun tsohon, kuma niyyarsa ya koma da shi gida a watan Agusta, tafiyar da ba dawowa. Alhaji ya cire hula ya mayar, ya ce masa da Turanci, "Kafin ka tafi zan mayar maka da shi."

Ni dariya ta kama ni, don ko cokalin miya ban taɓa ganin ya sassaƙa ba. Bai kula ni ba. Ya hau sama, ya sauko da wani gizago naɗe cikin tsohon rawani. A ranar na san mahaifinsa masassaƙin turmi ne a Gaya, kuma shi ma ya yi sana'ar yana yaro kafin boko ta ɗauke shi.

Matsala ta farko hotuna. Guda uku Kalani ya samo, kuma ba ko ɗaya da aka ɗauka don mutum-mutumin. A na farko marigayiya matarsa ta tsaya a gabansa ta rufe rabi. A na biyu ƙafarsa ta hagu kawai ta leƙo daga bayan wata kujera. A na uku ya fito duka, amma daga nesa, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Alhaji ya sa aka faɗaɗa su, ya manna a bangon gareji, ya je ya auna ƙofar Kalani, ya auna matakala, ya cika takarda da lissafi. Daga nan ya ce yana buƙatar tsayin matar. Na ce masa baiwar Allah ta yi shekara shida a ƙasa. Ya ce rigar da ta sa a hoton fa? Na rantse ba zai iya tambaya ba. Ya tambaya, kuma ashe Kalani yana ajiye da ita a goge. Suka shimfiɗa ta a tebur, ɗaya na riƙe da tef, ɗaya na share hawaye.

Icce kuwa ya ce ba zai saya ba, tunda Allah ya kayar da wata ƙatuwar bishiya kyauta a bayan gidajen. Ya bi ma'aikatan da suka zo sare ta da shayi da cincin har suka bar masa gungume huɗu.

Na farko ya ci sati biyar. Da ya yaye buhun da ya rufe shi, sai ga abu mai tsukakken ƙugu, sama a buɗe, gindi a baje. Na zagaya shi sau biyu na ce, "Alhaji, wannan ai turmi ne mai haƙora." Ya auna, ya sake aunawa, ya ce awo daidai yake, hannu ne ke da taurin kai. Na biyu ma haka ya fito, sai dai ya fi na farko fara'a.

Kafin nan magana ta kai Lanham. Mata suka dinga bugo wa Yaya waya suna jajanta mata, wai sun ji Alhaji ya koma sassaƙa gumaka da tsufansa. Yaya ta daina zuwa suna. Wata ranar Asabar liman da kansa ya zo, ya tsaya a bakin gareji ya daɗe yana kallo.

"Alhaji, me nake gani haka?"

"Kayan mutum na fasa, Malam."

"Amma ka san hukuncin sassaƙa sura."

"Na sani. Na kuma san na maƙwabci."

Liman ya ce to aƙalla kada ya cika surar, kuma ya yawaita istigfari. Alhaji ya ce istigfari da ma tare suke tafiya da kowane sara, cikawa kuma ko yana so ba hali, don babu hoton baya, babu na tsakar ka. Washegari ya aske fuskokin biyun da suka lalace, ya ƙarasa su turame na sosai. A ƙasar da mata ke niƙa tattasai a na'ura suna ƙorafi, labarin turmi ya fi na gunki gudu. Ɗaya ya tafi gidan liman. Ɗayan kuwa hajiyar da ta fi kowa bugo waya ce ta zo nema. Alhaji ya ɗora mata a mota, ya nuna mata gefe ya ce nan wurin da hanci ne, ko za ta so ta sani. Ta ce Allah ya yi albarka, ta ja motarta.

Na uku shi ne ya ba ni tsoro. Agusta ta kama, Kalani ya ɗaure kaya, motar kwasar kayan za ta zo ranar Juma'a. Alhaji ya rame, tafin hannunsa duk ya yi bororo, ni nake ɗaure masa. Na ce ya bari, mutumin ya yafe tun ranar farko. Ya ce shi Kalani ya yafe, amma bakin da ya yi alkawari nasa ne.

Da safiyar Juma'ar muka turo shi a baro. Aka yaye buhu. Bakin nan ne, haƙoran nan ne, har ƙafar hagun da ta leƙo daga bayan kujera. Kalani ya matso ya dafa kan mutum-mutumin, sai hannunsa ya zurma. Tsakar kan a fafe take, rami mai zurfi, sumul.

"Na babana ba shi da rami a ka," in ji Kalani.

"Kawo hoton," in ji Alhaji.

Babu hoto, kowa ya sani. Can sai Alhaji ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. Ya ce ba da niyya ya yi ba, yana gyaran kan ne hankalinsa ya tafi Gaya, kafin ya farga hannu ya yi abin da aka koya masa. Ya ce yana nan ƙasar mahaifinsa ya rasu, bai samu jana'iza ba, gizagon nan kawai aka aiko masa, kuma bai taɓa kwance shi ba sai bana. Ya ce akwai sauran gungume ɗaya, zai sake, ya aika masa. Kalani bai cire hannunsa daga ramin ba, yana ta shafa cikinsa. Ya ce a'a, a bar shi haka, fuskar ta babansa ce, cikin kuma na baban Alhaji, su tafi tare. Ni kuka nake wiwi. Alhaji ya zaro tef ya zura a ramin, ya daɗe yana duban lambar fiye da yadda ya saba, sannan ya ce inci tara ne.

Bayan shekara uku Allah ya yi wa Alhaji rasuwa. Ana sati biyu da rasuwar ambulan ya iso daga Hawaii. Hotunan mutum-mutumin biyar ne a ciki, gaba, baya, gefe da gefe, da ɗaya daga sama, kowanne an jingina ma'auni a jikinsa. Kalani ya rubuta cewa ga hotunan da Alhaji ya nema, a yafe masa da ya makara. Yayar nan tawa mai a'uziyya ita ta haɗa su da tef ɗin ta naɗe cikin rawanin, suna nan a akwatinta.

Na yi kewar mutumin nan ƙwarai, har ramin ma na yi kewarsa. Allah ya jiƙan Alhaji Sale, ya karɓi istigfarin da ya yi da kowane sara, ya haɗa shi da mahaifinsa. Allah ya yalwata masa makwanci, yalwar da tef ɗinsa ba zai kai ƙarshenta ba.