Eckhard, Wanda Ya Riƙe Mini Igiya Shekara Goma Sha Tara

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da hantsi, ina tsakiyar yi wa wani dattijo tausa a wurin aikina aka ce ana nemana a waya. Irmtraud ce, matar abokina. Ta ce, "Volkmar, maigidan ya tafi." Eckhard Wiedemeyer ya rasu a lambun bayan gidansa yana tsince tuffa da iska ta kaɗo, yana da shekara saba'in da ɗaya. Na Allah muke, komawarmu kuma gare shi take. Na ajiye wayar na koma na ƙarasa wa dattijon tausarsa, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Eckhard, mutanen Bad Harzburg sun san ka da raba wasiƙu, shekara talatin kana hawa da sauka a unguwannin gindin tsauni. Ni kuwa da sharaɓar ƙafarka na fara saninka, ranar da ka zo mini da ita ta ɗaure tamau. Ina murzawa kana ta surutu, har ka tambaye ni yaushe rabona da gudu. Na ce tun da idanuna suka rufe ina ɗan shekara talatin. Ka ce, "To, da ido ake gudu?" Raina ya ɓaci, na ƙara danna maka babban yatsa har ka yi ƙara. Ranar Lahadi sai ga ka a ƙofar gidana da guntun igiya da ka yanko daga igiyar shanyar Irmtraud, ka ƙulla madauki a kowane baki, ɗaya naka ɗaya nawa.

Da lambun shaƙatawa na tsakiyar gari muka fara, inda baƙi masu zuwa wankan ruwan ɗumi suke takawa a hankali bisa umarnin likita. Zagaye ɗaya na yi na zube a kan ciyawa ina haki. Bayan wata biyu muka kama hanyar bakin rafin Radau, daga nan muka shiga daji, ƙarshe muka fara hawan tsaunin Burgberg. Bakinka ba ya hutawa: "Saiwa, ɗaga ƙafa. Taɓo a dama. Gangare, rage." A shekara goma sha tara sau ɗaya tak ka kai ni ƙasa, ranar da ka tsaya gaida wasu mata ka haɗa ni da bencin ƙarfe. Ka rantse bencin ne sabo a wurin. Ƙarya kake, mutumina, bencin nan ya girme mu.

Abin da na fi gode maka shi ne ba ka taɓa tausaya mini da murya ba. Idan na yi lalaci ka ce mini tsohon rago, idan na yi ƙoƙari ka ce iska ce ta turo ni. Lokacin sanyi, in ƙanƙara ta rufe hanya, kai kaɗai kake fara zagawa ranar Asabar ka duba inda ke da santsi, sannan mu bi ranar Lahadi. Wannan ma ba daga bakinka na ji ba, masu aikin daji ne suka gaya mini.

A watan Afrilun bana na fara jin wani abu a igiyar. Da can kai ke gaba da rabin taku, yanzu in mun kama hawa sai ta yi sako-sako, ni ke jan ka. Numfashinka ya koma irin wanda nake ji kullum a wurin aiki, a ƙirjin waɗanda aka yi wa aikin zuciya. Rannan sau uku ka tsaya wai ɗaurin takalminka ya kwance. A na uku na laluba na kama wuyan hannunka, na ji bugun yana tsalle yana ɓacewa.

Na ce, "Eckhard, tun yaushe?"

Ka fizge hannunka. "Sake ni, likitan ƙarya. Karin safe ne ya yi mini yawa."

"Shekara ashirin da biyar ina taɓa jikin mutane. Irmtraud ta sani?"

Ka ce, "Kada ta ji. Ta ji, an raba ni da dajin nan ke nan. Kai ma an raba ka, ka sani ko? Wa zai riƙe maka igiya?"

Nan ka same ni, kuma ka san ka same ni. Mako uku na yi gum. Mako uku ina bin ka muna hawa, ina jin zuciyarka tana tuntuɓe a gefena, don kawai ina tsoron komawa tsakanin bango huɗu da sanda. Wallahi ban taɓa jin kunyar kaina irin ta lokacin ba. A mako na huɗu na je gidanku sa'ad da na san ka fita kasuwa, na zauna a kicin na gaya mata komai, ban da tsawon shirun da na yi.

Aka yi maka aiki a watan Mayu. Likita ya ce gudu ya ƙare, tafiya ma a fili kawai. Na kira ka sau biyu ba ka ɗauka ba, ni ma zuciya ta ɗebe ni na ce ba zan ƙara ba. Ga taurin kanka ga nawa. Wata biyar muna gari ɗaya, tsakanin gidana da naka tafiyar minti goma, ba wanda ya taka. Takalmana suka zauna a bayan ƙofa. Da aka sa ka a ƙasa ina tsaye riƙe da hannun ƙanwata, abin da ke cin raina ɗaya ne: ka tafi kana fushi da ni.

Ranar Lahadin da ta biyo bayan jana'iza, ƙarfe takwas daidai, aka danna ƙararrawar gidana. Muryar mace ce mai kauri. Ta ce sunanta Gudrun Pahlke, direbar bas ce, tana ƙungiyar masu gudu ta gari.

"Sa takalmanka, malam. Eckhard ne ya aiko ni."

Na ce mata wannan wane irin wasa ne.

"Wasa? Tun watan Yuni tsohon nan yake gana mini azaba. Ya ɗaure idonsa da ɗankwalin matarsa, in ja shi a lambu, baƙi na ta dariya. In ya yi tuntuɓe ya ce na kashe Volkmar. Hanyoyin daji kuwa da ba ya iya hawa, zana mini su ya yi saiwa bayan saiwa, in je in dawo ya yi mini jarrabawa."

Muka fita. Ba ta kai ka ba, tana yawan faɗin hagu alhali dama take nufi, amma mun isa saman tsaunin. A can muna maida numfashi na tambaye ta ko ka taɓa ambaton abin da na yi maka.

Ta ce, "Sau ɗaya. Ranar da aka haifa masa jika a watan Agusta. Ya ce likita ya gaya masa da ya ci gaba da hawa da bai ga wannan rana ba. Ya ce, 'Makahon nan ne ya sa na ɗauki yarinyar nan da hannuna. Amma kada ki gaya masa muddin ina raye, kansa zai kumbura.'"

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban iya yi ba a maƙabarta. Haba Eckhard, minti goma ne fa tsakaninmu.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan bawanka Eckhard, ka gafarta masa kurakuransa, ka saka masa da alheri a kan kowane taku da ya yi saboda wani. Ka ba shi hutu a wurinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarsa Wiebke da mijinta, da jaririya Frauke wadda za ta san kakanta a bakinmu, da dukan 'yan ƙungiyar masu gudu. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya sa mu ma mu cika da kyau.

Ke kuma Irmtraud, kin gode mini a bakin kabari kin ce na yi gaggawar zuwa wurinki. Ban yi gaggawa ba. Mako uku na jinkirta, kuma don kaina na yi. Ba ni da damar roƙonsa yanzu, sai ke. Ki yafe mini.