Samniang da Na'ura Mai Hannu Huɗu

Ranar da aka kawo na'urar tiyata asibitinmu na Khon Kaen, Samniang, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta rataya mata sarƙar furanni a hannu, kamar yadda ake yi wa sabuwar mota. Likita Worawit, yaron da ta koya wa sa safar hannu, ya ce ta cire.

"Ko babur ɗin ƙanena an rataya masa," in ji ta.

"Gwaggo, babur ba ya shiga maƙogwaron yara."

Rabin yini aka yi ana goge na'urar. Da ta zo rumfata cin kwaɗon gwanda, sai da na yi mata dariya har na ƙware.

Shekara talatin da ɗaya tana miƙa wa likitoci almakashi. Ba miji, ba ɗa, ko kyanwa ba ta ajiye ba, wai gashi. Danginta su ne mutum shidan da ke cunkushewa a kan yaro a ɗakin tiyata, gwiwar hannu na gugar gwiwar hannu, ana gulmar abincin asibiti. Yanzu likita yana can lungu, ya cusa kai cikin akwatin sarrafa na'urar yana murza yatsu kamar mai tsince shinkafa. Ita kaɗai ke zaune wajen kan yaron, tana zuƙe jini da ɗan bututu, ba mai ce mata uffan.

Ba ta taɓa kushe na'urar ba. A da, kafin a cire ƙari a gindin harshen yaro sai an tsaga wuya. Yanzu ta baki ake bi, ko tabo babu. Wannan ne ma ke ba ta haushi.

Bara aka ce za a mayar da ita ɗakin wanke kayan aiki, can ƙasa, inda ba taga ba yara. Sati guda tana zuwa rumfata tana juya shinkafa ba ta ci. Na ce, "Ke tsohuwa, in mutuwa za ki yi, koma rumfar makwabciya."

Ranar Litinin, bayan sun gama da wata yarinya 'yar shekara huɗu, ta tare Worawit. Ya yi ta bayani: na'ura ba ta rawar hannu, tana nuna masa komai ninki goma. Amsar da ta ba shi ce ta sa har yau ba a ɗaga kujerarta ba.

"To, ninki goma. Yarinyar da ka gama yi wa aiki, kitso ne a kanta ko aski?"