Ramin da Baba Ya Haƙa

Har yau, in ruwan farko ya sauka a garin Tawa ƙanshin ƙasa ya tashi, kowa murna yake yi. Ni kuwa ba na yi. Kada ka ce ban san darajar damina ba. Ɗiyar manomi ce ni, daga wani ƙauye a arewacin Adar, inda ake roƙon ruwa da hawaye.

Mu mutanen tudu ba mu iya ruwa ba, gaskiya ke nan. Tabkinmu wata uku yake yi ya ƙafe. Abin da muke kira iyo shi ne mu shiga har ruwa ya kawo ƙirji, ƙafa na taɓa laka, muna watsa wa juna muna shewa. Ƙafar nan da ke ƙasa ita ce duk iyawarmu.

Da rani, in tabkin ya bushe ya tsattsage, maza kan haƙi laka a cikinsa su buga tubali, su bar ramuka masu zurfin gaske. Kakanmu, tsoho mai faɗa wanda ko akuya ba ta wuce shi bai tanka mata ba, shi ya ɗora wa kansa bin ramukan kafin damina, yana kafa dogon itace a bakin kowanne. In ruwa ya rufe, kan itacen na waje, mu san nan ba wurin takawa ba ne. Dariya muke yi masa, wai tsoho na shuka sanduna.

Wata shekara ciwon ƙafa ya kwantar da shi. A ranin nan ne kuma babanmu ya haƙa babban rami a tabkin, ya buga tubali, ya gina mana ɗaki ni da yayata, don mun yi wa ɗakin inna yawa. Na ji kaka daga kan tabarmarsa yana cewa, "Ka kahwa icce bakin ramin ga naka?" Baba ya ce, "Gobe, in Allah ya so."

Gobe ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ranar shuka ba a jiran kowa. Kwana huɗu duk gari na gona, ba wanda ya tuna da tabki.

Rana ta biyar da hantsi muka kai wanki. Yayata ta shiga inda muka saba shiga tun muna ƙanana, ta duba ba ta ga sanda ba, ta juyo ta ce mini, "Taho mana, matsoraciya!" Ta ƙara taku ɗaya. Ba ta yi ihu ba. Wannan nake so ka riƙe: wanda ruwa ke ci ba ya iya ihu. Hannunta na gani sau biyu, na ɗauka tsokanata take yi, har na yi dariya. Dariyar nan ban yafe wa kaina ita ba.

Baba bai ƙara taka ɗakin ba har ya rasu. Ni na kwana cikinsa shekara shida ni kaɗai, ina kallon bangon, na san daga inda ƙasarsa ta fito.

Yanzu a bayan unguwarmu manyan motoci ke kwasar ƙasa, ramukan sun ninka na da, kuma ba mai kafa komai. Duk ƙarshen rani nakan ɗauki itace in tafi. Yara na bina suna cewa tsohuwa na shuka sanduna. Ba na korarsu. Ina dai ƙirga kawunansu, in damina ta wuce in sake ƙirgawa.