Kawu Bai Gama Ba da Maki Ba

Abin da na fara gani ranar da aka sauke ni a ƙofar gidan Kawu Garba a Tambuwal shi ne jan biro maƙale a bayan kunnensa. Yana zaune a zaure yana ɓare gyaɗa, biron kamar a wurin ya tsiro. Daga baya na gano ko ɗigon tawada babu a cikinsa. Ku da kuka yi digirin tarihi da adabi a hannunsa kun fi ni sanin wannan biro.

Yayan mahaifiyata ne, daga Kebbe aka kawo ni in yi sakandare a gidansa. Ya dube ni ya ce, "Asma'u, mi kinka gani bisa hanya?" Na sunkuyar da kai ina murza bakin hijabi. Ya zaro biro ya zana wani abu a iska. "Shiru ma magana ce, amma ba ta da maki."

Ni kuwa da magana a cikina. Baba ma'aikacin asibiti ne, ya riga ya yanke cewa in na kai babbar sakandare ɓangaren kimiyya zan shiga. Tarihi nake so, amma ban taɓa ce wa Baba a'a ba ko a kan miya.

Kawu ya yi ritaya daga kwaleji tun ban shiga firamare ba, sai dai a wurinsa jarrabawa ba ta ƙare ba. In aka ce wane ya fita da sakamako mai kyau, sai ya ce, "Takarda ta ce ya ci. Ni sai na gani." Ganin kuwa da kansa yake zuwa. Zai sa tsohuwar riga, ya kifa malafa har gira, ya hau babur ɗinsa mai tari, ya nufi ofishin tsohon ɗalibinsa a matsayin dattijo daga Sanyinna da ya kawo ƙarar akuya. Yana so ya ga yadda mai digiri ke sauraron wanda ba shi da kowa.

To, duk Tambuwal an san tarin babur ɗin nan. Kafin ya isa, waya ta riga shi. Wata rana matarsa, Inna Kulu, ta kasa haƙuri.

"Malam, kowa fa ya gane ka. Ko biron ba ka cirewa."

"Na sani."

"To wahalar mi kaka yi?"

"Ki je ki gani. Yanzu duk tsohon da yash shiga ofis da malafa, kujera aka ba shi har da ruwan sanyi, don gudun kada ni ne."

A hutun damina ya ce shi zai mayar da ni gida. Kusa da Fakku muka tarar da taro ƙarƙashin tsamiya, manoma da makiyaya suna ta musu a kan burtali, hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki. Kawu ya kashe babur, ya raɗa mini, "Ga Sani can. Da ƙyar yaf fita hannuna." Malam Sani yanzu malamin firamare ne, gemunsa har da furfura. Ya tsaya a tsakiya yana zayyana yadda burtalin ya tashi daga tsohuwar rijiya, da wane Arɗo da wane mai gari suka shata shi, ya faɗa da Hausa ya maimaita da Fulatanci. Na lura sandunan da aka riƙe a tsaye sun fara komawa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Na kuma lura babban yatsan ƙafar Kawu yana rawa a cikin takalmi. Ni kaina ji na yi kamar in tashi sama.

Ana shafa fatiha Kawu ya kutsa cikin taro.

"Sani, na ɗaga ka daga D zuwa B."

Malam Sani ya washe baki kamar yaron da aka ɗinka wa kayan salla. "Malam, A fa?"

"Ka sa kakan Arɗo a wurin ƙanen kakansa. Koma ka yi bita."

Arɗon makiyayan da ke wurin ya ce, "Malam, ai ni ma ban san wannan ba."

"Kai ba ɗalibina ba ne, ka tsira."

A Kebbe, Kawu da Baba suna cin tuwo, ina jin su ta bayan labule. Baba ya tsokane shi. "Malam, don Allah mi aka ci da tarihi?"

Kawu ya kai loma ya ce, "Ga shi nika cin tuwonka da shi, Likita."

Da hutu ya ƙare, a kan hanyar komawa, na tattara ƙarfin halina daga bayan babur na roƙe shi ya yi wa Baba magana a kaina. Ko waiwayowa bai yi ba.

"Ba ni yi. In niy yi miki magana, makin nawa ne. Ubanki ba dodo ba ne, tambaya yay yi, kuma ba a ba shi amsa ba."

Na yi fushi da shi har Tambuwal, shi kuwa yana ta rera waƙa.

Ana gab da raba mu ɓangarori ya kwanta 'yar gajeriyar jinya, Allah ya karɓi abinsa. Ku ɗalibansa kun cika zaure wajen ta'aziyya, kuna share hawaye kuna gardama a kan wanda ya fi daɗewa a C. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya yi masa sassaucin da shi bai iya yi wa kowa a maki ba.

Da Baba ya zo hawa babur zai koma Kebbe, na bi shi har waje. Na ba shi labarin tsamiyar Fakku, da yadda sanduna suka kwanta. Ya cire hannu daga makulli yana kallona.

Na ce, "Baba, abin da aka ci da shi ke nan. Don Allah ka bar ni in karanta tarihi."